Daga Zaure zuwa Takarda: Tsokaci a kan Kalmomin Aƙida da Ibada a Tarjamar Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Gumi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1979 aka buga tarjamar ma'anonin Alƙur'ani Mai Girma zuwa harshen Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, tsohon Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, wanda ya rasu a 1992. Daga baya Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina ta sake buga ta, aka rarraba ta ga alhazai da masallatai da makarantu. An yi rubuce-rubuce a kan matsayin mai tarjamar a fagen da'awa da siyasar addini, amma harshen tarjamar bai sami irin wannan kulawa daga masana harshe ba. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda tarjamar ta sarrafa kalmomin da ginshiƙan imani da shika-shikan Musulunci suka ɗoru a kansu. Hukunta aƙidar kowa aikin malaman addini ne. Abin da ya shafi mai nazarin harshe shi ne: wace ma'ana ce ke isa kunnen Bahaushe idan ya karanta, shi kaɗai, ba malami a gabansa?

2.0 Hausar Zaure

Tun kafin a buga wata tarjama, Hausawa sun daɗe suna fassara Alƙur'ani da littattafan addini da baki. Ɗalibin makarantar ilimi yakan fara da Ƙawa'idi, ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sa'annan Risalar Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, har ya kai ga Muhtasar Halil. A fannin tauhidi kuwa, Ummul Barahina ta Shaihu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ita ce tushen koyar da sifofi ashirin da suka wajaba ga Allah, da ashirin da suka koru gare Shi, da ɗaya da ta halatta. A watan azumi mai jan baƙi yana karanta aya, malami yana fassarawa, yawanci bisa Tafsirin Jalalaini.

Wannan hanya ta haifar da wani nau'in Hausa na musamman, wanda za a iya kira Hausar zaure. Siffarta ita ce bin Larabci kalma bayan kalma, ta yadda kowane harafi na Larabci yana da abokinsa tabbatacce a Hausa. Ba ƙasar Hausa kaɗai ke da irin wannan ba. A Borno akwai Tarjumo, harshen da malamai ke fassara da shi, wanda ya samo asali daga tsohon Kanembu da aka rubuta tsakanin layukan Alƙur'anan da A. D. H. Bivar ya bayyana wa duniyar ilimi a 1960. Manufar irin wannan fassara ita ce ɗalibi ya ga ginin jimlar Larabci ta cikin harshensa. Ba a yi ta don ta tsaya da ƙafarta ba, domin bayan kowace gaɓa malami yakan dakata ya ce "wato", ya sake faɗin maganar da Hausar kowa da kowa.

Hujjar wannan maƙala ita ce, tarjamar 1979 ta ɗauko Hausar zaure ta zuba a takarda, amma "wato" ɗin malami bai biyo ta ba sai a 'yan bayanan ƙasan shafi da gabatarwar surori. Ƙarfin tarjamar da rauninta duk daga nan suka taso.

3.0 Kalmomin Aro da Ma'anarsu ta Gusa

Joseph Greenberg a 1947 da Mervyn Hiskett a 1965 sun nuna cewa kalmomin Larabci sun shigo Hausa a zanguna dabam-dabam. Tsofaffin sun narke har sun haɗiye harafin "al", kamar alwala da lahira da liman da la'asar da lisha. Wasu jam'i ne a Larabci amma tilo a Hausa, kamar mala'ika da zunubi. Ana iya zaton wannan yalwar aro ta sauƙaƙa aikin mai fassara, tunda kalmar tana nan a harshen, sai dai ya mayar da ita wurinta. A gaskiya nan ne tarkon yake, domin kalmar da ta shekara ɗaruruwa a bakin mutane ba ta zama inda aka ajiye ta.

Mu ɗauki kalmar imani. A hadisin nan da Mala'ika Jibrilu ya yi wa Annabi (SAW) tambayoyi, an bayyana imani da abubuwa shida: gaskata Allah, da mala'ikunSa, da littattafanSa, da manzanninSa, da ranar lahira, da ƙaddara. Amma idan Bahaushe ya ce ɗan kasuwa "ba shi da imani", ba yana nufin ya musanta mala'iku ba. Yana nufin ba shi da tausayi. Wannan gusawa ba ta da hatsari sosai, domin ma'anar asali tana raye tare da sabuwar. Ta ƙaddara ta fi nauyi. A aƙida ƙaddara ta haɗa alheri da sharri, mai daɗi da mai ɗaci. A bakin jama'a kuwa kusan ta keɓanta da musiba: gobara ƙaddara ce, hatsarin mota ƙaddara ne, amma da wuya a ji wanda ya ci riba ya ce ƙaddara ta same shi. Rabin rukuni na shida ya faɗi ke nan daga kalmar.

Haka zalunci. A Hausa azzalumi shi ne mai danne haƙƙin wani, kamar alƙali mai cin hanci ko mai gona da ya hana ɗan ƙodago ladansa. A Alƙur'ani tushen kalmar ya fi haka faɗi: ya ƙunshi ajiye abu a inda ba muhallinsa ba, da cutar da mutum ke yi wa kansa, har ma a Suratu Luƙman an siffanta shirka da shi. Tarjamar ta riƙe "azzalumai" kusan ko'ina. Mai karatu da bai zauna gaban malami ba zai iya ɗauka cewa ayoyin gargaɗin nan duk da mugayen shugabanni suke, shi talaka ba ruwansa. Kalmar fitina ma haka take. A Larabcin Alƙur'ani tana ɗaukar ma'anar jarrabawa, da azabtar da mutum don ya bar addininsa, da shirka a wasu wurare bisa fassarar malamai. A Hausa yaro mai ƙiriniya fitinanne ne, maƙwabci mai neman rigima shi ma haka. Idan aka bar kalmar yadda take a ayar da ta auna ta da kisa a Suratul Baƙara, an buɗe ƙofar fahimta mai hatsari, domin mai karatu zai auna kisa da abin da shi ya sani da suna fitina.

A ɓangaren ibada, misali mafi bayyana shi ne sadaka. Aya ta 60 a Suratut Tauba, wadda ta lissafa kashi takwas na waɗanda ake ba zakka, da lafazin sadaka ta zo a Larabci, kuma malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa zakkar farilla ake nufi. Hausa kuwa ta raba kalmomin biyu rabuwa ta sosai: zakka wajibi ce mai nisabi, sadaka kuwa ganin dama ce, kamar ƙosan da ake rabawa yara ranar Juma'a. Duk mai fassarar da ya bar "sadaka" a wannan wuri ya bi lafazi, amma hukuncin ya kuɓuce wa mai karatu sai in ya duba bayani.

Adalci ne a faɗi cewa Shaihu Gumi ya san wannan matsala, kuma ya kauce mata a wasu wurare da gwaninta. Hausa ta ari "waliyyi" da ma'ana biyu: bawan Allah mai karama, da mai ɗaura wa mace aure. Tarjamar ta fi amfani da "majiɓinci" da "masoyi", gwargwadon wuri. Kalmar "dini" ma ba a mayar da ita "addini" ko'ina ba. A Fatiha an ba ta ma'anar sakamako, yadda masu tafsiri suka yi. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa wannan taka-tsantsan bai game sauran kalmomin ba. Amsar da ta fi kusa ita ce, an fi sa ido a kan kalmomin da ake jayayya a kansu tsakanin malamai a shekarun 1970, aka bar waɗanda gusawarsu ta faru a bakin talakawa, inda ba mai muhawara.

Kalmar taƙawa tana da nata matsayi. Hausa tana da "tsoron Allah", wanda kowa ya sani. Tarjamar ta zaɓi "taƙawa", kuma akwai hujja: asalin kalmar kariya ce, wato mutum ya sanya garkuwa tsakaninsa da azaba ta hanyar bin umarni da barin hani, alhali "tsoro" ya ɗauki ɓangare ɗaya ne kawai. Sai dai taƙawa ba ta narke a Hausa ba kamar yadda salla da azumi suka narke. Sakamakon haka, an tsira daga ma'ana gurguwa, an faɗa wa kalmar da mai karatu ke wucewa ba tare da ta taɓa shi ba. Masu nazarin Yarabanci za su ga bambanci a nan, domin Musulmin Yarabawa sun riƙe kalmomin gida ga manyan ibadu, irun ga salla da aawe ga azumi, don haka matsalarsu ta kasance tsarkake kalmar gida daga tsohuwar ma'anarta, tamu kuwa dawo da kalmar aro kan ma'anarta ta fari.

4.0 Kalmomin Gida da Sifofin Ubangiji

Inda tarjamar ta fi nuna ƙwarewa shi ne inda aka fi tsoron zamewa, wato ayoyin sifofi. Kalmar Ubangiji kanta ta gida ce, daga uba da giji, wato gida, kuma har yau ana cewa ubangijin bawa ko ubangidan yaro. Duk da haka ƙarnoni na amfani sun ɗaga ta har ta dace da "Rabbu", wadda ita ma a Larabci ana jingina ta ga mai gida da mai dukiya. Wannan ya nuna kalmar gida tana iya ɗaukar nauyin aƙida idan aka ba ta lokaci.

A kan "yadu" da "wajhu", tarjamar ta ce hannu, a wasu wurare kuma ta ce fuska. Ta fuskar harshe, hannu bai da matsala ƙwarai, domin Hausa tana da irin adon maganar da Larabci ke da shi: idan aka ce gari yana hannun wane, ba wanda ke zaton tafin hannu. Saboda haka mai bin mazhabar barin lafazi yadda ya zo da mai bin tawili duk za su iya karanta kalmar su sami abin da suke nema. Fuska ta fi wuya. Hausa tana amfani da ita da ma'anar ɓangare ko nahiya, tana kuma cewa an ga fuskar wane an yi abu, amma ba ta amfani da ita da ma'anar zatin abu, wadda ita ce fassarar da masu tafsiri da yawa suka bayar. A nan kalmar Hausa ta fi ta Larabci ƙunci, kuma bayani ya zama dole.

Kalmar "istawa", wadda ta zo game da Al'arshi a wurare bakwai, ita ce zakaran gwajin dafi. An ruwaito daga Imamu Malik cewa ma'anarta sananniya ce, yanayinta ba a san shi ba, yin imani da ita wajibi ne, tambaya a kan yanayin kuwa bidi'a ce. Mai fassara zuwa Hausa yana da hanyoyi uku. Zai iya cewa "zauna", ya faɗa kamanta Allah da halitta. Zai iya cewa "mallaka" ko "rinjaya", ya shigar da tawilin wasu malaman Ash'ariyya cikin matani. Tarjamar ta ɗauki ta uku, ta ce "daidaita". Kalmar ta yi daidai da tushen Larabcin, ba ta zana hoton jiki a zuciyar mai karatu, ba ta kuma rufe ƙofar bayani. A wani wuri rashin fayyacewa aibi ne ga mai fassara. A nan shi ne daidai, domin aƙidar da kanta ta hana fayyace yanayi.

Ba haka abin yake ga "wasila" ta aya ta 35 a Suratul Ma'ida ba, wadda aka fassara da "tsani". Kalma ce kyakkyawa, Bahaushiya tsantsa, mai hoto a ido. Amma tsani abu ne marar rai, wanda mutum ke takawa da ƙafarsa. Zaɓensa ya karkata ga fahimtar da ke cewa wasila ita ce aikin ɗa'a na mutum, ya nisanci fahimtar masu tawassuli da bayin Allah, wadda Hausa za ta fi kusantarta da "kamun ƙafa". Wanda ya san littafin mai tarjamar na 1972 a kan ingantacciyar aƙida, da muhawarar da ta biyo bayansa har aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ba zai ɗauki wannan zaɓi a matsayin katari ba. Ba laifi ba ne mai fassara ya kasance da matsayi. Abin lura ga mai nazari shi ne kalma guda, ba tare da wani sharhi ba, tana iya yanke hukunci a kan mas'alar da aka cika littattafai da ita.

5.0 Ginin Jimla

Raunin da ya fi fitowa fili yana ga ginin jimla. Tarjamar ta ba kowane harafin Larabci abokinsa: "inna" ta zama "lalle ne", "ƙad" ta zama "haƙiƙa", "summa" ta zama "sa'an nan", "innama" ta zama "abin sani kawai", "wa" kuwa ta zama "kuma" a farkon aya bayan aya. Don a ga illar wannan ba tare da taɓa nassi ba, a ɗauki jimla ta yau da kullum. Bahaushe zai ce: Audu yana cikin waɗanda suka zo. Hausar zaure za ta ce: kuma lalle ne Audu, haƙiƙa, ya kasance daga masu zuwa. Kowace kalma Hausa ce, amma jimlar ba ta Hausa ba ce. Ƙarfafawar da Larabci ke yi da harafi, Hausa takan yi ta ne da sauya tsarin jimla, ko da "ne" da "ce", ko da ƙananan kalmomi irin su "fa" da "kam" da "ai". Idan "lalle ne" ta yawaita, sai kunne ya daina jin ta, ƙarfafawar ta mutu.

Biyu daga cikin waɗannan sun wuce batun daɗin karatu, sun taɓa aƙida. Ta farko ita ce "kana", wadda ake fassarawa da "ya kasance". Idan ta zo tare da sifofin Allah, malaman nahawu sun ce tana nuna tabbata da ɗorewa. "Ya kasance" a Hausa kuwa tana iya nuna abin da ya wuce, kamar a ce wane ya kasance attajiri. Jimlar Hausa marar aikatau, mai ƙarewa da "ne", ita ta fi dacewa da sifar da ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Ta biyu ita ce "la'alla", wadda tarjamar ke mayarwa "tsammani". Tsammani a Hausa yana tattare da rashin sanin abin da zai faru. An yi ƙoƙarin jingina shi ga waɗanda ake yi wa magana don a kauce wa jingina shi ga Allah, amma ginin ya fito baƙo, alhali "domin" ko "ko kwa" suna nan, kuma masu tafsiri da dama sun ba harafin ma'anar dalili.

Ta fuskar rubutu, tarjamar ta yi abin da ya kamata masana harshe su yaba. Ta sanya alama a kan wasula masu tsawo, abin da daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa ba ta yi, domin a nassin addini bambancin dogon wasali da gajere yana iya sauya ma'ana. Ta kuma yi amfani da babban baƙi ga lamirin da ke komawa ga Allah. Sai dai wannan na ido ne kawai. Idan aka karanta a rediyo ko a majalisi, "Shi" da "shi" sauti ɗaya ne.

6.0 Kwatanci da Tarjamar Shaihu Nasiru Kabara

A 1988 aka buga tarjamar Shaihu Muhammad Nasiru Kabara, shugaban ɗariƙar Ƙadiriyya, wanda ya rasu a 1996, cikin mujalladi huɗu, da sunan Ihsanul Mannan. Andrea Brigaglia ya kwatanta ayyukan biyu a 2005 ta fuskar aƙidar da ke ƙarƙashinsu. Ta fuskar harshe, ana iya cewa Shaihu Kabara ya shigo da "wato" ɗin malami cikin matanin kansa: yana faɗaɗa aya da bayanin tafsiri, yana bin tawilin Ash'ariyya a ayoyin sifofi. Hausarsa ta fi kusa da ta mai wa'azi a gaban jama'a. Kuɗin da aka biya shi ne mai karatu ba koyaushe zai rarrabe inda lafazin aya ya tsaya da inda sharhi ya fara ba. Ɗaya ya tsare lafazi ya bar mai karatu da neman malami, ɗayan ya zama malamin ya rufe lafazin da mayafinsa. Dukansu biyu 'ya'yan zaure ne. Kowanne ya ɗauki rabin gadon.

7.0 Kammalawa

Wannan batu ya wuce gardamar masana. Tarjamar 1979 ita ce aka fi sanyawa a manhajojin waya da shafukan intanet, kuma da yawa daga cikinsu matanin kawai suke ɗauka, su zubar da bayanan ƙasan shafi da gabatarwar surori. Wanda ke karantawa a Sabo ta Ibadan ko Agege, ko wanda Hausa harshensa na biyu ce a Filato ko Adamawa, shi ne ya fi nisa da zaure, shi ne kuma ya fi dogara da abin da kalma ta faɗa masa da kanta. Idan kalmar ta ce masa fitina rigima ce, sadaka ganin dama ce, ƙaddara musiba ce, haka zai riƙe.

Abin da ake bukata ba rushe aikin Shaihu Gumi ba ne, domin ya kafa ma'auni na tsare lafazi da daidaita kalmomi wanda duk mai zuwa bayansa zai auna kansa da shi. Ana bukatar ƙamus na kalmomin aƙida da ibada wanda zai jera ma'anar kowace kalma a nassi kusa da ma'anarta a bakin Hausawan yau, da misalai daga karin harshen Kano da Sakkwato da Zariya da na zango-zango. Wannan aiki ne da malamin tafsiri ba zai yi shi kaɗai ba, masanin harshe ma haka. Sassan harsunan Nijeriya da na Larabci da na nazarin addinin Musulunci suna zaune a tsangaya ɗaya a yawancin jami'o'inmu, kuma kalmomin da aka tattauna a sashe na uku sun isa a fara da su.